Gammon da Aka Ɗora wa Gauraka

Dalilin da ya sa gauraka take yawo da busasshiyar ciyawa a tsaye bisa kanta, ba don kwalliya ba ne, kuma ba da ita aka halicce ta ba. Ku da kuke hango ta a fadama kuna cewa ta yi kyau, ba ku san abin da ya ci ta ba. Ku zauna sosai. Wanda bai wanke hannunsa ba ya je ya wanke ya dawo, don ba zan maimaita ba.

A zamanin da tsuntsaye da mutane suke zaune gari ɗaya, suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, akwai wani gari da ake kira Tudun Marke. A nan Gauraka take da ɗakinta, can bakin gari kusa da masussuka. A lokacin kanta ƙwal yake kamar bayan ludayi, ko gashi ɗaya babu, don tun tana yarinya kaya suka cinye shi. 'Yar dako ce. Ba ta da gona, ba ta da akuya, ba ta da komai sai dogon wuya da dogayen ƙafafu da 'ya'ya biyu masu ci kamar gara. Tana da miji kuma, amma shi aikinsa gyaran fiffike ne a gindin bishiya, saboda haka ba za mu sa shi cikin dukiya ba.

In kaka ta yi, masu gona suna ɗaure dami, ita tana kwasowa zuwa bakin rumbu, a tsakura mata kasonta. Kason gero ba ya daɗewa, shi ake lallaɓawa da shi kafin dawa ta nuna. Kason dawa shi ne shekara. Abin da ta tara a kakar dawa, shi 'ya'yanta za su ci har wata daminar ta zagayo. In ta rasa kakar dawa, ta rasa shekara.

Kun san gammo, amma na tsumma kuka sani. A da ciyawa ake fincikowa a bakin gona, a murɗa ta, a naɗe ta zagaye kamar maciji ya kwanta, a aza a ka, sannan a ɗora kaya. In an isa gida a jefa wa akuya. Ba wanda ya taɓa yi wa gammo kallo na biyu.

Dami kuwa ba a ɗaga shi da ƙarfin mutum ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai wani ya ɗora maka, sai wani ya sauke maka. A Tudun Marke suna da al'ada a kan wannan, kuma ba a wasa da ita: hannun da ya ɗora, shi ke saukewa. Mai gona zai ɗora wa ɗan dako dami, ya biyo bayansa har bakin rumbu, ya sauke abinsa da kansa, don kada a rage a hanya. Wanda ya sauke abin da ba shi ya ɗora ba, ko da daga bisa kansa ne, sunansa ɓarawo. Ɗan dakon da aka kira ɓarawo kuwa, sai dai ya nemi wata sana'a ko wani gari.

Wata shekara, an gama girbin gero, an ɗaure dammuna suna zube a gonaki, sai sama ta yi wani ruwa da ba a tsammani. Gonakin garin duk a tsallaken rafi suke. Gari ya waye rafi ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da jinkar wani da ba a san ko wane ne ba. Maza suka shiga, ruwa ya kai musu wuya, suka dawo. Aka kawo jakai, jakai suka dubi ruwa, suka dubi masu su, suka tsaya. Ga gero can yana shan ruwa, in aka bar shi zai tsira a cikin daminsa, a yi asarar noman bana.

Gauraka ta zo ta tsaya a bakin rafi. Ta finciki ciyawa, ta murɗa gammo, ta aza, ta ce da wata maƙwabciyarta mai suna Marka, "Ki ce wa masu iya iyo su ƙetare su riƙa ɗora mini. Wanda ya ɗora ya biyo ni ya sauke, kada a ce na ɓata al'ada."

Haka aka yi. Ruwan da ya kai wa maza wuya, ita cinya ya kai mata. Tana shiga tana fita, tana shiga tana fita, gammo ya rududduge ta murɗa wani, har ta kwashe geron garin kaf, ba a rasa ko zangarniya ba. Aka ba ta kasonta kamar kullum, ta koma ɗakinta ta kwanta, wuya ya ƙi juyawa.

Sai dattawa suka taru a gindin marke, Sarkin Noma Barau yana tsakiya. Suka ce lalle Gauraka ta yi abin da ba a taɓa yi ba, in ba a yi mata wani abu ba, garuruwan maƙwabta za su ce mutanen Tudun Marke ba su san alheri ba.

Wani ya ce, "A cika mata rumbu."

Kowa ya dubi ɗan yatsan ƙafarsa, don kowa ya san daga rumbun wa za a ɗiba.

Wani ya ce, "A ba ta akuya."

Masu awaki suka yi tari.

Akwai wani bafatake da ruwan ya tsare a garin, sunansa Arzika, yana zaune gefe yana cin goro. Ya ce, "In kun yarda baƙo ya sa baki. Ni na yi yawo. Can bayan hamada akwai wata ƙasa, in mutum ya yi abin bajinta, ko yaƙi ko tsere ko waƙa, ganye suke tsinkowa su naɗe shi zagaye, su ɗora masa a ka a gaban jama'a. Wannan shi ne ƙarshen girma a wurinsu."

Sarkin Noma ya gyara zama. Ya ce, "Ganye kawai?"

"Ganye kawai."

"Ba hatsi?"

"Ko ƙwaya."

"Kuma mutumin ya tafi yana murna?"

"Har 'ya'yansa da jikokinsa suna alfahari da shi."

Sarkin Noma ya dubi dattawa, dattawa suka dube shi. Ya ce, "Lalle mutanen nan suna da hankali."

Aka aika wa Hakama, tsohuwar da ta fi kowa iya saƙar faifai da tabarma a garin, aka ce ta naɗa gammon da ba a taɓa ganin irinsa ba. Hakama ta ce da ɗan aiken, "Me za a ɗora a kai?" Ya ce ba a faɗa masa ba. Ta ce, "To." Ta tafi fadama ta zaɓo ciyawar tsintsiya wadda ta yi 'ya'ya ta fara ja, ta jera ta kai ɗaya, ta murɗa, ta naɗe, ta ɗaure da kaba. Gaskiya gammon ya yi kyau. Abin da aka sa ta ke nan, kuma ba ta iya aikin banza ba.

Ranar kasuwa aka tara jama'a, aka kira makaɗa. Aka kira Gauraka ta fito tsakiyar fili. Da ta hango gammo a hannun Sarkin Noma, sai ranta ya yi fari, don ita tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin gammo babu kaya a bayansa ba. Ta ce a ranta, gammo mai kauri haka, abin da za a ɗora ba ƙarami ba ne. Ta duba gefe ta ga ko buhu ne ko dami, ba ta ga komai ba, ta ce wataƙila ɓoyewa aka yi.

Sarkin Noma ya yi dogon jawabi a kan rafi da ruwa da yadda shi da kansa ya tsaya a bakin gaɓa yana ba da umarni. Sannan ya ɗaga gammon da hannu biyu ya aza mata a ka. Makaɗa suka saki kiɗa, mata suka rangaɗa guɗa.

Gauraka ta ware ƙafafu, ta miƙe wuya, ta daidaita kai, ta tsaya jiran kaya.

Aka yi kiɗa aka yi rawa, tana tsaye. Aka raba goro, tana tsaye. Jama'a suna cewa, "Ku dubi yadda ta riƙe kai, sai ka ce a gidan sarauta aka haife ta." Rana ta karkata, makaɗa suka rataya gangunansu, kowa ya kama hanyar gida. Fili ya rage daga ita sai Marka.

Marka ta ce, "Uwar biyu, taho mu tafi, an gama."

Gauraka ba ta juya kai ba, don mai jiran kaya ba ya juya kai. Ta ce, "Ba su kawo ba tukuna."

"Kawo me?"

"Abin da za a ɗora."

Marka ta ce, "Ai shi ke nan. Shi aka ba ki."

"Gammon?"

"Gammon."

Gauraka ta ce, "To wa zai sauke mini?"

Marka ta ce, "Ina jin ba a saukewa."

Suka tafi gida. Mijin Gauraka ya tarye ta a ƙofa, ya zagaya ta, ya ce tun da ya aure ta yau ne ya san ya yi aure. 'Ya'yan suka tambaya ko ana cin abin. Ta ce ba a ci. Suka koma wasansu. Da za ta kwanta ta rasa yadda za ta yi, don in ta kishingiɗa gammon zai faɗi, in ya faɗi ta sauke abin da ba ita ta ɗora ba. Sai ta yi barcinta a tsaye, in ƙafa ɗaya ta gaji ta naɗe ta, ta tsaya a kan ɗayar.

Aka ci gaba da 'yan yayyafin ƙarshen damina, suna sauka a kan gammon, rana tana fitowa tana busar da shi. Gauraka tana jin ƙaiƙayi a tsakar kanta, amma ba halin susa.

Dawa ta nuna, aka fara girbi. Da sassafe Gauraka ta nufi gonar wani manomi da ta saba yi wa dako, ta durƙusa a gaban dami, ta ce, "Malam, ɗora mini."

Manomin ya ja da baya. Ya ce, "A kan wannan?"

"A kan wannan. Gammo ne."

"Gammon girma ne. Ni wa, da zan ɗora dawa a kan abin da Sarkin Noma ya aza da hannunsa? So kike a ce na taka mutuncin gari? Ki zauna a inuwa, a kawo miki ruwa."

Aka kawo mata ruwa ta sha. Ta wuce gona ta gaba. Can ma aka shimfiɗa mata buzu, aka gaishe ta da kyau, aka kira wasu 'yan dako suna kwasar dami a gaban idonta. Wata gonar har maroƙi aka samo ya yi mata kirari. Ta dawo gida da goro cike da baki, hannu ba komai.

Ta je wurin Marka ta ce, "Ke ki ɗora mini. Ba ruwanki da dattawa."

Marka ta ce, "Wallahi ina so, uwar biyu. Amma kin san mijina, in ya ji na ɓata gammon gari, yau a gidanmu zan kwana. Ga dai ɗan tsaki, ki dama wa yara."

Gauraka ta karɓi tsakin, don yunwa ba ta san girma ba, amma ta san tsakin maƙwabta ba ya kai kowa damina.

Ta tafi wurin Sarkin Noma. Ta same shi a ƙofar gida yana kallon ana zuba dawa a rumbunsa. Ta durƙusa a hankali, kai a miƙe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode da abin arziki. Na zo ne a sauke mini."

Ya ce, "A sauke me?"

"Gammon. Kai ka ɗora, kai za ka sauke. Dawa tana ƙarewa a gonaki, rumbuna ba komai."

Sarkin Noma ya girgiza kai. Ya ce, "Gauraka, kin san abin da kike faɗa? Labari ya riga ya kai garuruwa, Arzika ya tafi da shi. In na sauke yau, gobe a ce mutanen Tudun Marke sun naɗa sun tuɓe. Za a tambaya laifin me kika yi. Ni don kare sunanki nake ƙi."

"To a ɗora mini dami a kansa."

"Wannan kuma sunanmu ne zai ɓaci."

"To yara fa, ranka ya daɗe, me za su ci?"

Ya ce, "Yaran da uwarsu ke da wannan a ka, ai sun gaji abin da ya fi hatsi."

Ta koma gida ta gaya wa yaran haka. Ƙaramar ta ce ita hatsin take so.

Kwanaki suna tafiya, gonaki suna raguwa. Ba a suna ko ɗaurin aure a garin sai an aiko a ɗauki Gauraka, a tsayar da ita inda baƙi za su gan ta. In an kawo tuwo sai a ce ai babbar mace ba ta ci a gaban jama'a, a ba ta goro. Mijin shi yake bin ta yana cin tuwon. Yaran suka fara ramewa, wuyansu ya ƙara tsawo, kukansu ya ragu. Gauraka takan ɗaga ƙafa har ta kusa taɓa gammon, sai ta tuna sunan da za a kira ta da shi, ta mayar.

Rannan ta tafi wurin Hakama. Ta same ta tana saƙar faifai a tsakar gida.

Ta ce, "Iya, ke kika naɗa abin nan. Ki kwance shi."

Hakama ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ni na naɗa, ba ni na ɗora ba. In na taɓa, da tsufana a kira ni ɓarauniya. Matso in gani dai."

Gauraka ta sunkuyo. Hakama ta leƙa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Tun yaushe yake miki ƙaiƙayi?"

"Tun ana yayyafi."

"Uhm," in ji Hakama, ta koma saƙarta. "Da na san a kan mai rai za a bar shi, da na kakkaɓe 'ya'yan ciyawar. Ba a gaya mini ba. Yaran sun ci yau?"

"Tsaki."

"Gonar wa ta rage ba a kwashe ba?"

"Ta Sarkin Noma ta bakin fadama. Ita ce babba, ita ake bari ƙarshe."

Hakama ta tsinke zaren kaba ta yar. Ta ce, "'Yar nan, tun da nake a garin nan, ban taɓa jin an hana mutum ci a gona ba. Matafiyi ma yana karya takanɗa ya sha, ya ɓare gyaɗa ya ci, ba mai ce masa don me. Abin da aka hana shi ne fita da shi a ka. Ke kuwa sun riga sun rufe miki kan."

Gauraka ta tsaya tana juya maganar. Ta ce, "Iya, in bar miki goro?"

"Da wane haƙori?"

Washegari da hantsi Gauraka ta sa 'ya'yanta a gaba, mijin yana biye don ya ji ana maganar ci, suka shiga gonar Sarkin Noma ta bakin fadama. Dawa tana zube an yanke ba a ɗaure ba. Ta ce da yaran, "Ku ci. Kada wanda ya ɗauki ko ƙwaya a fiffike. A ciki kawai."

Suka duƙufa. Masu aikin gona suka taso da sanduna, da suka ga gammon sai suka tsaya cirko-cirko. Wa zai ɗaga sanda a kan girman gari? Ɗaya ya ɗauki hoge zai jefa, babbansu ya riƙe hannunsa ya ce, "In ka kuskure ta ka sami gammon fa?" Sai suka koma gefe suna tafa hannu suna cewa, "A yi haƙuri, a ɗan matsa." Gauraka ta matsa, zuwa inda dawar ta fi kyau.

Aka ruga aka gaya wa Sarkin Noma. Ya zo da dattawa, babbar riga tana jan ƙasa. Ya tarar an ci gefe guda, yaran sun ƙoshi har suna tsalle-tsalle.

Ya ce, "Gauraka, wannan wane irin abu ne?"

Ta haɗiye abin da ke bakinta. Ta ce, "Ci ne, ranka ya daɗe."

"A gonata?"

"Ita ta rage."

"Wannan ai sata ce."

Ta ce, "Dattawa suna nan. A duba kaina, in an ga dawa a kai, a kira ni da sunan."

Dattawa suka duba. Ba komai sai gammo. Wani tsoho a cikinsu ya ce, gaskiya tun kakanni ci a gona ba sata ba ne. Sauran suka gyaɗa kai da sauri, don gonakinsu an riga an kwashe.

Sarkin Noma ya ce, "To sai yaushe za ku daina?"

"Sai mun ƙoshi. Gobe kuma mu dawo, don yunwa kullum take zuwa. In an kwashe nan mu koma masussuka. In damina ta faɗi, iri ma a gona yake."

Da ya ji an ambaci iri, sai Sarkin Noma ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Durƙusa. Ni na ɗora, ni zan sauke. Garuruwa su faɗi abin da za su faɗa."

Gauraka ta durƙusa, ranta ya yi sanyi, tana lissafin ko sauran dawar nan za ta ishe ta ta tara abin da zai kai su bazara. Sarkin Noma ya kama gammon da hannu biyu ya ɗaga. Gammo ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi, kan Gauraka ya biyo shi. Ya sa ƙafa ya dafe, ya ja, ya ja, sai kabar da Hakama ta ɗaure da ita ta tsinke. Naɗin ya warware, ciyawar ta watsu ta miƙe tsaye cirr, kowane sili yana kallon sama. Sarkin Noma ya faɗi zaune a kan kututturen dawa, da guntun kaba a hannu.

Aka matso aka duba. Ashe 'ya'yan ciyawar nan sun sami ƙurar dako ta shekara da shekaru a tsakar kanta, sun sami yayyafi, sun yi saiwa sun kama. Aka gwada tsige sili ɗaya, jini ya fito. Aka bari.

Gauraka ta hango Marka cikin 'yan kallo, ta ce, "Marka, ɗauro dami a gwada."

Yanzu ba mai maganar mutuncin gari. Marka da Sarkin Noma da kansa suka ɗaga dami suka ɗora. Ciyawar ta soke shi ta ƙasa, ta soki fatar kan ta sama, damin ya karkace ya faɗi. Aka sake, ya sake faɗuwa. Gauraka ta miƙe, ta karkaɗe ƙurar gwiwarta, ta daɗe tana kallon damin nan a ƙasa. Tun tana yarinya ba ta san wani aiki ba sai shi.

Ta ce, "To, ranka ya daɗe. Kai ka ɗora, ka kasa saukewa. Mai kaya shi ke bin ɗan dako har inda za a sauke. Yaya za a yi?"

Sarkin Noma ya dubi dattawa, wannan karon ba wanda ya dube shi. Tsohon nan ya ce ai ba Barau kaɗai ya ɗora ba, da yawun gari ya ɗora, kuma duk sun ci goron. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Daga ƙarshe aka yanke cewa tun da gari ya rufe mata kai, gari zai buɗe mata gona. Ita da 'ya'yanta da jikokinta su ci a gonar kowa da kaka, su ci a masussuka da rani, su yi kala inda suka ga dama, ba mai jifansu. Aka roƙe ta dai ta riƙa sassauta wa iri. Ta ce za ta duba.

In da rumbu ɗaya suka cika mata tun farko, da tuni an gama. Yanzu ga shi har yau ba su gama biya ba.

Mijin kuwa, da ya ga abin da ciyawa ta jawo wa gidan, bai yi shawara da kowa ba, ya tafi fadama ya murɗo tasa ya aza, ya tsaya cikin raɓa har ta kama. Aikin da aka san ya taɓa yi ke nan. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe daga baya duk da ita suka fito.

Shi ya sa har yau gauraka take da ciyawa a tsaye bisa kanta, mace da namiji, kuma ba za ku taɓa ganin ta ɗauki ko tsinke a kai ba. Shi ya sa take tafiya wuya a miƙe, tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron kada wani abu ya zube, ba yanga ba ce, jiki ne bai manta da dako ba. In ta sauka a gona, manomi sai dai ya tafa hannu daga nesa, ita kuma ta matsa inda ya fi kyau. Masu hali har kama ta suke yi su ajiye a tsakar gida, suna zuba mata hatsi safe da yamma don baƙi su gani, suna zaton su suka mallake ta.

Shi ya sa kuma har yau macen da ta san kanta, tana sauke tulu take cire gammo ta warware shi ta karkaɗe, ba ta bari ya wuni a kanta. In kun girma wani ya tara jama'a ya ce zai ɗora muku abu a ka, ku gode masa da kyau, sannan ku tambaye shi wa zai sauke, kuma me za a ci kafin nan. Ku tashi, randa ba ruwa.